Lissafin Zabairu Tanimun

Ni ne mai riƙe sandar sauti.
Shekara goma sha tara hannuna na sama
kamar mai roƙon ruwa,
don haka in za a ƙirga dukiyar Zabairu
a bar ni, ni na ga dalar farko.

A fadar bakin tasha suna cewa:
bene biyu a Sabon Gari,
fili a hanyar Mirya,
mota mai baƙin gilas.
Wani ya ce miliyan ɗari, wani ya rantse ɗari uku.
Shayi na zagayawa, kuɗin na haihuwa a baki,
kafin kofi na uku ya saye rabin Yamai.

Ba su ga kyamarar farko ba.
Ta haya ce, ta wani mai ɗaukar suna a Zango,
jika biyu wuni guda,
idonta da tsaga,
kowace fuska sai ta fito da zane a kunci
kamar 'yan wasan duk gida ɗaya suka fito.
Inna Tsahara ta sayar da tumaki biyu,
ta kwance bakin zane ta miƙa masa,
ta ce: ban san me kake yi ba,
amma ka riƙa cin abinci.

Bisa duwatsun Birni muka ɗauka,
tafin ƙafa na gasuwa.
Kuran ya tafi, gurup ya yi tari ya ƙi tashi,
jaki ya kece da kuka daidai fitar ran jarumi,
gawa ta fashe da dariya.
Sau tara muka kashe shi ran nan.

Daga baya tele ta karɓi shiri.
Kowace Laraba bayan lisha
a fito da akwati ƙofar gida, a ɗora bisa turmi,
mai tsire ya bar nama na ƙonewa.
Masu sabulu suka zo, masu shinkafa, masu layin waya,
kowa na son sunansa tsakanin hawaye da hawaye.
Kuɗi dai halin famfon Damagaram gare su:
wata uku shiru,
sai tsakar dare, ba sallama,
wanda ke farke shi ke cika jarka.
Zabairu ba ya barci.

Ya biya mu, ban da ƙarya.
Wani sa'in a makare, da tsaki, amma ya biya.
Ya yi tumbi, ya koyi cewa «a dawo gobe».
Akwai shekarar da ba mu gaisa ba.

Sai daminar da ta rushe ɗakin ajiya a Garin Malam.
Kaset ɗari huɗu cikin laka,
muka shanya zare bisa igiya kamar hanjin rago.
Na farkon nan bai tashi ba.

Bara, a Kasuwar Dole,
gaban teburin yaro mai tura fim a waya,
shi da ya sha kai irinsu gaban komisariya,
ya tsaya cak.
Yaron ya ce: tsohon yayi ne, Alhaji,
ba ya fita sosai, ban san wa ya yi shi ba,
kawo dala ashirin.
Bai nemi ragi ba.

Cikin mota muka kalla, gilas a rufe.
Ga zanen nan a kowane kunci.
Ga bakin sandata ya leƙo daga sama,
kuskuren da ya zage ni a kai sati guda.
Can baya, bayan kafaɗar jarumi,
wata mata ta ratsa da kwanon tuwo a ka,
ba ta san ana ɗauka ba.

Daƙiƙa huɗu.
Shekararta shida a maƙabarta.

Ya mai da baya.
Ya sake mai da baya.
Wayarsa ta biyu na ta ruri, mutanen Yamai ne,
maganar kwangila.
Ya ce mini: Ilu, kashe wannan,
ka ga, ko takalmi ba ta sa ba.